Bidiyon Baba Da Bai Isa Ba

Auta mai ɗaukar bidiyo ne, gwani a aikinsa, sai dai Allah bai ba shi haƙurin jira ba. Ranar da jikin mahaifinsu ya tsananta, tsohon ya kira shi bakin gado.

"Ɗauko na'urarka. Ina da magana da yayarka."

Yayar tana aure a ƙasa mai nisa, kuma ba su rabu da mahaifin da daɗi ba. Auta ya kafa kyamara. Tsohon ya daɗe yana magana yana hutawa, har ya ce ya yafe mata duniya da lahira, ya sa mata albarka.

A shago Auta ya zura katin kyamarar a kwamfuta, ya danna tura. Ya ga sandunan sabis sun cika, sunan bidiyon ya fito a allo, sai ya ɗauka an gama, har ya yi wa yayar tes cewa ya tura mata saƙon Baba. A wurinsa bidiyo da saƙon tes duk tafiyarsu ɗaya. Ko kallon siririn layin da ke rarrafe a ƙasa, mai nuna inda turawar ta kai, bai yi ba. Bidiyon kuwa ƙato ne, intanet ɗinsa mai rauni, kamar a juye tanki ta bakin buta. Aikin yini guda ne.

Matarsa ta kawo masa abinci, ta ce, "Ka tabbata ya tafi?"

"Tuni. Ke dai bar wa masu aiki aikinsu."

Yana da ɗaukar taron yaye ɗalibai da yamma, katin kuma a cike yake. Ya zare shi, ya goge, ya cika shi da sabon aiki.

Washegari tsohon ya rasu.

Bayan an dawo daga maƙabarta yayar ta kira, muryarta a dashe.

"Auta, saƙon Baba bai shigo ba. Sake turo min."

Ya buɗe kwamfutar. Layin ko rabi bai kai ba, a nan ya tsaya tun da ya zare katin. Da kyar ya faɗa mata gaskiya.

"Amma wallahi, Yaya, ya yafe miki. Da kunnena na ji."

Ta ce, "Ko bai yafe ba, ai haka za ka ce."

Jama'a, cikar sandunan sabis ba isar saƙo ba ce. Babban fayil yana cin lokaci gwargwadon girmansa da ƙarfin layinku. Kada ku goge na hannunku sai wanda kuka tura wa ya buɗe ya gani.