Uwar Nafi'u a Ƙofar Asibiti

"Ni da na haife shi kake ce wa ba na cikin makusantansa?"

"Inna, ba ni na ce ba," in ji mai gadin asibitin. "Allo ne ya ce."

Tun da masanan jami'a suka tattara duk abin da mutane ke rubutawa a waya, injinsu ne ke zaɓar wanda zai shiga wurin majinyaci. Nafi'u na ciki tun safe, mota ce ta buge shi. Uwarsa Talatu ta dubi mai gadin.

Mai gadin ya karanto mata daga allon injin: "Shekara ashirin ba ki taɓa rubuta sunansa ba, ba ki sa hotonsa ba. Ƙannensa kuwa kullum."

"Ɗan fari ne! A gidanku uwa tana kama sunan ɗan fari?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni ma ɗan fari ne, Inna."

"To wa kuka bari ya shiga?"

"Wani abokinsa. Kullum suna musun ƙwallo."

Talatu ta dubi ƙofar ƙarfen.

"In ya cika yanzu, wa zai rufe masa ido?"