Kalmar da Tsohuwa Ke Maimaitawa

Sai ranar da za su koma gida tafinta ya leƙo ɗakin, ya tarar da ita durƙushe tana wanke ƙafafun wata tsohuwa.

Kwana goma ke nan da ikilisiyarsu ta turo su aikin bishara a wannan ƙasa mai nisa. Masu wa'azi na wa'azi, likitoci na duba marasa lafiya. Ita kuwa tela ce, ba ta jin yaren, sai ta ɗauki roba da tawul ta shiga gidan tsofaffi. Kullum in ta gama, tsohuwar nan sai ta riƙe mata hannu ta faɗi wata kalma guda. Ta ɗauka "ƙaro" ake nufi, sai ta ruga ta ƙaro ruwan ɗumi.

"Wannan baiwar Allah akwai son ruwa, sai ka ce agwagwa," ta ce wa tafinta tana dariya.

Tsohuwar ta maimaita kalmar. Tafinta ya kasa kunne.

"Yaya, ai ba ruwa take nema ba. Cewa take yi, zauna."

Ta zauna a bakin gado. Tsohuwar ta lallaɓa ta sauko ƙasa, ta jawo robar, ta zare mata takalmi.

Tun da aka binne mahaifiyarta wata huɗu da suka wuce, telar ba ta yarda ta zauna wuri ɗaya ba, don kada kuka ya cim mata. Ruwan da ta ƙaro da hannunta yana nan da ɗuminsa. Ta tsoma ƙafa a ciki, ta bar kukan ya iso.