Ƙwaryar Kyauta

Mamuda ya kama ƙwaryar tun ba ta gama tsallako danga ba. Dafaffen wake ne da ƙuli-ƙuli, ga nono a ɗan ƙoƙo. Hannun da ya miƙo kuwa na Kyauta ne, Bamagujiya maƙwabciyarsu a Yankara. Ashe kullum ya tafi gonar auduga, haka take ciyar da mahaifinsa, Malam Barau, a ɓoye.

Ransa ya ɓaci matuƙa, don duk abin da ke ƙwaryar nan an hana tsohon ci.

Goggo Indo mai magani ce ta hana. Daga Sheme ta tako da ƙafarta ranar da ta ji ciwon gwiwa ya kwantar da Malam Barau, ba wanda ya aika mata. Ba ta ba shi ko saiwa ɗaya ba, ta kuma ƙi karɓar ko goro.

"Ban da nama, ban da nono, wake ko gyaɗa," in ji ta. "Tuwon masara zalla, a surfe ta fes. In ka ga fata ta fara baƙi, to sammu na fita."

Haka kuwa aka yi. Wuya da bayan hannu suka yi baƙi suna saɓa, zawo ya biyo baya. Sai dai baƙin ya riƙa ja da baya yana dawowa, yau ga shi Mamuda ya gano mai hana ruwa gudu.

"Tausai ya sa ni, ɗana," in ji Kyauta. "Mutum ba ya rayuwa bisa masara kaɗai."

Bai saurare ta ba. Ya fasa ƙwaryar, ya bi gari yana cewa mayya ce, har aka kore ta zuwa Sabuwa da 'yan komatsanta. Ko a jikinsa. Aka ce ya kai tsohon ɗakin shan magani na Ƙanƙara, ya ce Bature bai san sammu ba.

Daga nan masara ta samu fili. Malam Barau, wanda a zamanin ƙarfinsa ba a haɗa ido da shi, ya koma yana zance da bango. Kafin girbi aka kai shi makwanci.

Mamuda ya rataya wuƙa zai nufi Sabuwa, amma ya biya ta Sheme tukuna, ya durƙusa gaban Goggo Indo.

"Goggo, yadda kika ce haka ciwon ya bi, daki-daki. Ina kika san shi haka?"

Ta daɗe tana kallonsa, fuskarta a sake kamar wadda ta sauke kaya.

"A jikin ɗiyana uku na koye shi," ta ce, "shekarar da ubanka ya kore mana shanu ya bar mu da masara."