Kalandar Wani Gari

'Yata, tunda an ce miki ranar da aka sa ta bikinku ba ta da sa'a har kin kasa cin tuwo, matso ki ji wani misali.

A ƙasar Indiya mabiya addinin Hindu suna da kalanda mai faɗin lokuta masu kyau da marasa kyau a kowace rana. Akwai wajen awa ɗaya da rabi da suke kira sa'ar Rahu, ba a fara tafiya ko ɗaura aure a cikinta. Daga fitowar rana ake lissafa ta, don haka kowane gari da tasa. To, a can wani maginin tukwane ya auri yarinyar da yake so. Kwana bakwai da tarewa, tana share ɗakin surukarta, sai ta lura kalandar da aka duba don sa lokacin aurensu ta wani gari ce can gabas, inda rana ke riga fitowa. Ta lissafa da yatsu, ta ga a tsakiyar mugun lokacin aka ɗaura musu aure. Shekara ashirin da shida tana dakon abin ita kaɗai. In tukunya ta fashe a wuta, ta ɗora laifin a kan sa'ar Rahu. In mijin ya yi tari, ta ce a ranta yau ce ranar.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi kwana tara. Tana goga masa tsumma mai sanyi a goshi, sai ta fashe da kuka, ta faɗa masa komai. Ya buɗe ido, ya yi murmushi, ya ce, "Ai na sani tun ranar ɗaurin auren. Na duba, na ga rana mai kyau ta gaba sai bayan wata huɗu, ni kuwa ba zan iya jiranki wata huɗu ba. Faɗa mini, wace shekarar ce a cikin namu ta yi miki kama da mugun lokaci?" Ta nema, ta rasa. Ta ji kamar an sauke mata tulu daga kai. Kwana uku bayan nan ya koma kan yumɓunsa, ita tana gefe tana miƙa masa ruwa.

Ke ma kin san halin yaron nan da za ki aura da idonki, maganar rana kuwa ji kika yi. Jawo kwanon ki ci. Hausawa suka ce, gani ya kori ji.