Mabiyiya a Bayan Jan Turke

Tun shekarar da masana suka kafa jan turke a gaɓar tekun Ikko don nuna iyakar da ruwa zai ci, gidan Iya Tabawa ya faɗa ɓangaren da aka sallama wa ruwa. Ba gini, ba haƙa.

Ranar da aka haifi jikanta, ta ɗauki mabiyiyarsa a ƙwarya ta nufi bayan ɗaki, inda ta binne ta ubansa. Sai ga Sallau mai gadin gaɓa ya sha gabanta.

"Iya, ki yi haƙuri. Ko ƙaramin rami sassauta yashi yake yi. Na'urar masana ta ce shekara huɗu suka rage wa gidan nan."

"To ina zan kai ta, ɗan nan?"

Ya sunkuyar da kai, ya nuna mata teku.