Kaboyin Ard al-Liwa

Mai hoto yana cewa, "Yalla, yi murmushi," sai bijimin ya tsinke igiya.

Shekara biyu na yi ina haɗa faifan nan: waƙa goma da jita, duk a kan kaboyi da doki da garken shanu. Hoton bango kawai ya rage. Shi ne na aro bijimin layya wajen mahaucin layinmu a unguwar Ard al-Liwa, na kafa malafa, na ɗaura jan ƙyalle a wuya.

Ban san lokacin da na ɗare rufin wani tuk-tuk, keke mai ƙafa uku, ba. Malafa ta faɗi, mahauci na ihu, mata a baranda sai sheƙa dariya suke.

Sai ga tsohuwar da ke sayar mana da shayi, wadda ta yi kiwo a Gadarif tana yarinya. Ta ajiye buta, ta yi wani siririn fito. Bijimi ya tsaya cak, ya zo yana shinshinar hannunta. Ta ɗauki malafata ta kare rana.

"Ɗan nan, sauko. Khalas, shi ke nan."

Faifan ya ƙare a kasuwa cikin mako guda. A bangonsa, ita ce da malafa da bijimi. Ni kuwa, ƙafafuna kawai suka fito, can sama.