Mai Wankin Hula da Sunayen Cikin Wayarsa

Ka ce wayarka cike take da 'yan uwa. To zauna ka ji misalin wani mai wankin hula. Mutumin karkara ne da neman abinci ya kai shi Ikko, ya kafa sana'arsa a gindin wata gada, ya daɗe can har furfura ta fara leƙo masa. Wata shekara ya zo gida bikin ɗan ƙanwarsa, riƙe da 'yar waya mai maɓallai da duk rubutun kansu ya koɗe. Duk wanda suka gaisa sai ya ce a karanto masa lamba. Ya tsuguna a inuwar rumfa, ya kanne ido ɗaya, babban yatsansa da ruwan wanki ya tsattsaga yana lalube. Kafin harafin S ya fito sai ya danna bakwai sau huɗu, in hannu ya zarce ya goge ya sake. Wayar ba ta san ƙa ba, ba ta san ɗa ba, ya rubuta yadda ta yarda, ya ce ai shi ya gane. Masu suna iri ɗaya ya raba su da unguwa ko sana'a, wannan na bakin kasuwa, wancan mai jaki. Aka ce ya ɗan kira mana su ma su samu tasa, ya ce in ya koma zai kira kowa a natse. Ya koma. Da la'asar, huluna na shan iska, sai ya jingina da ginshiƙin gada ya yi ta gangarawa kan sunayen daga sama har ƙasa, ya ji kamar ya zaga garinsu gida-gida, sannan ya mayar da wayar aljihu. Kira kuwa kullum sai gobe.

Ana nan damina ta kankama, zazzaɓi ya kayar da shi a ɗan ɗakin da yake haya, babu mai ce masa sannu, sai ƙarar ruwa a kan kwano. Kewar gida ta taso masa, ya jawo wayar. Lambar farko a kashe. Ta biyu wata mata ta ɗauka da yaren da bai taɓa ji ba, ashe layin ya koma hannun wasu. Na uku ya ce, "Wa ke magana?" Sai da ya ambaci sunan mahaifinsa da na unguwarsu kafin mutumin ya ce, "Allah sarki, ashe kana raye," ya ce yana gona, zai neme shi, bai kuwa nema ba. Daga nan ya gangara kan amininsa na ƙuruciya, wanda suka yi kiwon awaki tare, ya danna. Matar aminin ce ta amsa. Da ta gane shi ta ce, "Ai maigidan ya rasu tun kafin shuka. Yana jinya ya yi ta cewa a nemo masa kai. Muka bi wayarsa kaf, babu lambarka." Har layin ya yanke wayar na kunnensa. Da ya samu sauƙi ya ɗaure kayan sana'arsa ya bar wa maƙwabci ajiya, ya hau motar Arewa. Ya isa an daɗe da naɗe tabarmin makoki. Ya tsaya a ƙofar gidan ya yi sallama, yaran da suka leƙo suka koma ciki suka ce wa uwarsu ga wani baƙo nan.

Shi ya sa Hausawa suka ce, zumunci a ƙafa yake.